Giris Ba Ya Son Cunkoso

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban taro, shugabar makaranta, malamai abokan aikina, masu gareji da kuka ajiye sifana kuka zo, iyaye maza da mata, da ku 'ya'yana ɗalibai da yau kuke kammala koyon gyaran injuna: ina yi muku barka da zuwa, ina kuma godiya da wannan dama.

An ce in yi muku nasiha. To, tawa nasihar a cikin gwangwanin giris take.

Na farko, giris ba mai ba ne da ya daskare. Kun gani da idonku a madubin ɗakin gwaji: zaruruwan sabulu ne sirara, sun sarƙe da juna kamar soso, mai kuma yana zaune a tsakaninsu. Wannan soson shi ke riƙe mai, shi ke sakinsa kaɗan-kaɗan lokacin da ƙarfe ke bukata.

Na biyu, giris yana da hali. In an ƙyale shi yana nan daram, ko an kife gwangwani ba zai zubo ba. In ƙarfe ya murza shi, zaruruwan su jeru, ya yi laushi, ya gudana. In inji ya tsaya, ya sake kamewa. Amma in aka yi ta kirɓa shi babu sarari, zafi ya tashi, zaruruwan su tsittsinke, man ya tsiyaye, a bar ku da busasshen ƙanzo.

Na uku labari ne. Bara wata ɗalibarmu ta samu aikin gwaji na wata uku a wani kamfanin niƙa hatsi. Sau biyu boris ɗin babban inji, wato zoben ƙarfen da sandar inji ke juyawa a cikinsa, yana ƙonewa a lokacin aikinta. Manaja ya ce in ya ƙone na uku, ta tattara kayanta. Ku tuna, ita ce mace ta farko da suka taɓa ɗauka.

Ta buɗe murfin boris ɗin, sai ta tarar an danƙara giris har baki. Ashe shugaban makanikai ne, dattijo mai tausayin inji, kullum da safe sai ya ƙara. Ta ɗauki tsinke ta fara kwashewa.

Ya ce, "Ke 'yar boko! Ina ciyar da shi, kina ƙwace masa abinci?"

Ta ce, "Baba, ba yunwa ke kashe shi ba, ƙoshi ne. An cika masa baki, ya rasa inda zai juya."

Ya ce, "Tun ba a haife ki ba nake cika boris."

Ta ce, "Baba, ka ba ni kwana uku. In ya yi zafi, ba sai manaja ya kore ni ba, da ƙafata zan tafi."

Ta yi masa bayanin soson nan na cikin giris, ta bar sulusin giris ɗin kawai, ta rufe. Ranar farko dattijon bai kula ta ba. Rana ta uku ya ɗora tafin hannunsa a kan murfin, ya daɗe bai ɗauke ba, bai ji zafi ba. Can ya ce, "'Yata, zo ki sake faɗa mini zancen soson nan. A hankali dai."

'Ya'yana, ku lura: ba ta raina shi ba, ba ta kuma yi shiru ba. Ta san abin da ke cikin gwangwani, shi ya sa ta tsaya a kan maganarta. Ku ma kun sani, ina da yaƙini kun sani. Yau ita ke kula da injunan kamfanin, kuma dattijon da kansa ya aiko mini cewa yana son biyu daga cikinku, da sharaɗin su zama masu iya musu cikin ladabi.

Allah ya yi wa hannuwanku albarka, ya kare yatsunku da idanunku, ya haɗa ku da magabata masu saurare. Allah ya saka wa iyaye da malamai da alheri, ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode ƙwarai da kuka saurare ni.