Ku Jiyar da Hadiza Kukan Kyarkeci

Assalamu alaikum, mai gabatarwa. Talatu ce daga Runka.

Na saurari shirinku kan ƙasashen da suka haɗa kai don kare rabbi da kyarkeci. Sai zancen taro kawai! Wa zai tsare dabba a Dajin Rugu, inda mu ma ba mu iya shiga?

A bakin dajin ƴan bindiga suka kashe maigidana, tsohon mafarauci, Allah ya jiƙan shi. Shi ya saba kwaikwaya wa ɗiyarmu Hadiza kukan kyarkeci, ta yi ta dariya. Jiya ta ce, “Inna, yi mini irin na Baba.” Na gwada, ta ce ba haka ba ne.

Don Allah, ku sa mata kukan a rediyo. Ni na kasa.