'Yan Kunne Babu Kwali

Darakta: Salamu alaikum. Hajiya, ina wuni?

Hajiya: Wa alaikumus salam. Lafiya lau. Wa ke magana?

Darakta: Daraktan fim ɗin maigidanki ne. Ya gida, ya yara?

Hajiya: Lafiya ƙalau. Ya aiki?

Darakta: Mun gode Allah. Ya ƙafar Mama?

Hajiya: Da sauƙi. Ka ce wa?

Darakta: Darakta! Kina ji na? Wayarsa a kashe, shi ya sa na kira ki. Albishir zan yi masa.

Hajiya: Na me? Mutumin da shekara ashirin a fim daga maigadi sai direba yake fitowa?

Darakta: Haba Hajiya. Minti huɗu ya yi a fim ɗin nan, amma ya shafe jarumin gaba ɗaya. Wancan banda gyaran gashi me ya iya? Kowa zancen wurin 'yan kunne yake.

Hajiya: Na gani. Inda matar ta tsinci 'yan kunne a aljihunsa.

Darakta: Yauwa! Ya dafe ƙirji, ya ce, "Ke na saya wa, kin riga ni ne."

Hajiya: Ta ce ina kwalin, ya ce ya faɗi a mota. Ya sa mata da hannunsa, har da hura mata kunne.

Darakta: Kai, kin haddace!

Hajiya: Ya ce mini kai ka rubuta masa.

Darakta: Ni? Ina na ga wannan basira? Wallahi ko kalma ɗaya ban... Hello?

Hajiya: Ina jin ka. Ƙarasa.

Darakta: Layi biyu na ba shi, ya yar da takardar. Ya ce ƙaryar yara ce, ba macen da za ta yarda, shi ya san wadda aka gwada ta yi aiki. Muka yi ta dariya.

Hajiya: Kuka yi dariya.

Darakta: Har mai kyamara! Ki gaya masa akwai kashi na biyu, ya zo da wata irinta.

Hajiya: Yana da su da yawa, ai a kaina ake gwadawa. 'Yan kunne masu jan dutsen nan da na tsinta a aljihunsa, shekara uku ke nan suna kunnena. Bikin ƙanwata ma da su na je, ina nuna wa mutane.

Darakta: Subhanallahi. Hajiya, tsaya, wataƙila...

Hajiya: Ga shi nan ya shigo, yana wani murmushi. Zan gaya masa ya iya aiki.

Darakta: Don Allah kada ki ce ni na... Hajiya? Hello?