Geron Baba a Akwatin Hajiya

Ɗela: Alo? Salamu alaikum.

Nassirou: Wa alaikumus salam. Yaya Ɗela, ina kwana?

Ɗela: Lafiya lau, Nassirou. Kun tashi lafiya?

Nassirou: Lafiya lau. Ina gajiya?

Ɗela: Babu gajiya. Yaya Magaria? Yaya aikin mota?

Nassirou: Alhamdu lillahi. Yaya mutanen Kwaya? Yaya ƙafar Baba?

Ɗela: Da sauƙi sosai, har masallaci yake takawa babu sanda. Ina matarka Hanifa? Jiki ya yi nauyi ko?

Nassirou: Ya yi, amma tana lafiya. Kullum sai ta yi zancen yajin nan da kika aiko mata.

Ɗela: Ka ce mata akwai wani. Yaya ruwan jiya?

Nassirou: Wane ruwa? Mu nan hadari kawai muka gani ya wuce. Ba an gama damina ba?

Ɗela: Haka mu ma muka zata. To wajen la'asar sai ga shi kamar da kwarya ake zubawa. Kana ina yanzu, na ji ƙarar ƙarfe?

Nassirou: Ina gareji, ana duba mini taya. Yaya, lafiya dai? Ba ki cika kira da safe ba.

Ɗela: Lafiya. Wato dai... rumbun Baba ne ya faɗi.

Nassirou: Baba ya faɗi? Inna lillahi! A ina? Ya ji ciwo?

Ɗela: Kai, ba Baba ba! Rumbu!

Nassirou: Wa? Muryarki na yankewa!

Ɗela: Tsaya in hau tudun nan na bakin rijiya, rezo ya fi kamawa. Kana ji na yanzu?

Nassirou: Ina jin ki. Me ya sami Baba?

Ɗela: Babu abin da ya same shi, yana zaune yana shan kunu. Rumbunsa na ce, babban na bayan gida.

Nassirou: Wallahi kin tsinka mini zuciya. Rumbun da aka gama cikawa?

Ɗela: Shi. Ashe gara ta cinye itacen ƙasa ba mu sani ba. Da ruwa ya jiƙa wurin sai ya kwanta ta gefe, jinka ta zame, dammunan gero duk a fili, ruwa na zuba.

Nassirou: Subhanallahi. Abincin shekara guda! Ya lalace?

Ɗela: Bai lalace ba, shi ya sa ka ji ni ina dariya. Na sama ne kawai suka jiƙe. Unguwa duka ta fito, maza da mata, kowa da dami a ka.

Nassirou: Allah ya saka musu. Ina kuka kai shi? Zauren Baba ai ba zai ɗauka ba.

Ɗela: Zauren ma yoyo yake yi.

Nassirou: To ina?

Ɗela: Ka san akwatin nan na ƙarfe da motarka ta sauke a ƙofar gida shekaranjiya?

Nassirou: Yaya Ɗela.

Ɗela: Wanda tsofaffin unguwa suka yi ta salati, wai bayan mota ya ɓalle ya faɗo, har da masu zuwa yi mana jaje...

Nassirou: Yaya, kada ki ce mini a ciki kuka zuba.

Ɗela: A ciki muka zuba. Ko ɗigon ruwa bai shiga ba. Kai, wanda ya ƙera abin nan ya san aiki!

Nassirou: Ai a kulle na bar shi! Na ba Maharazu makulli a hannunsa, shi ne shugaban manoman gyaɗa, na ce yau su cika shi da buhunansu, gobe in zo in ɗauka.

Ɗela: Maharazun ne ya buɗe da kansa. Da gudu ya zo, rigarsa jagab. Ya ce gyaɗarsu tana ɗaki a rufe, ba za ta mutu ba, amma geron Baba ba zai jira ba.

Nassirou: Ya kyauta, wallahi ya kyauta. Amma akwatin ba nawa ba ne, na Hajiya Zulaiha ne, ita ke da motar. Injinta na matsar man gyaɗa yana tsaye, matan da ke mata aiki suna zaune suna jiran gyaɗar nan.

Ɗela: To ba sai ka zo da motar haka nan a loda a bayanta ba?

Nassirou: Ba ta da baya, Yaya. Ba irin kamiyon da kika sani ba ce. Ƙarafa biyu ne kawai a shimfiɗe, sai wani hannu mai ƙugiya da ke jawo akwati ya ɗora, ko ya zame shi ƙasa. In na ajiye wannan a cika, sai in tafi in ɗauko wani, ba na zaman jiran loda. In babu akwati ko buhu guda ba zai zauna ba.

Ɗela: Ikon Allah. To mu kwashe geron mu kai ina? Sama har yanzu ba ta washe ba.

Nassirou: Ban ce ku kwashe ba. Ina tunani ne. Kin san direban da na gada? Kayansa ya riƙa zubawa a akwatin Hajiya yana kaiwa kasuwar Dungass. Ranar da ta gane, a ranar ya miƙa makulli.

Ɗela: Wayyo. Ni ban san haka ba. Ga Hanifa a wannan hali...

Nassirou: Shi ne nake gani.

Ɗela: To ka ce mata motar ta lalace mana. Kafin a gyara an tada rumbu, maza sun ce za su yi gayya bayan Juma'a.

Nassirou: A'a. Kwaya duka ta ga abin da aka yi, ranar kasuwa labari zai iso Magaria kafin ni. Kuma ba na... tsaya. Tsaya, ga ta nan ta shigo gareji.

Ɗela: Wa? Hajiyar? Kashe salular!

Nassirou: Ta riga ta gan ni. Hajiya, barka da asuba. Lafiya lau. A'a, yayata ce daga Kwaya. Maganar akwatin ce. Eh, akwai magana. To. Yaya, ta ce in ba ta ke.

Ɗela: Ni? Me zan ce mata? Nassirou! Nassirou!

Hajiya Zulaiha: Salamu alaikum. Ke ce yayar direbana?

Ɗela: Wa alaikumus salam, Hajiya, ina kwananku? Ni ce, Ɗela. Kun tashi lafiya? Yaya iyali? Yaya kasuwa?

Hajiya Zulaiha: Lafiya lau. Na ga fuskarsa kamar wanda aka aiko wa da sammaci. Me ya sami akwatina?

Ɗela: Babu abin da ya same shi, Hajiya, yana nan garau. Gero ne a ciki.

Hajiya Zulaiha: Gara? Gara a cikin ƙarfe?

Ɗela: Gero, Hajiya, gero! Ita gara, rumbu ta ci. Rumbun mahaifinmu ne ya kwanta jiya ana tsakiyar ruwa, muka rasa inda za mu sa, sai akwatinku. Nassirou bai sani ba sai yanzu, wallahi. In laifi ne namu ne.

Hajiya Zulaiha: Ya cika shi?

Ɗela: Har bakin ƙofa.

Hajiya Zulaiha: Tsohon manomi ne na gaske ke nan. Wanda ya jiƙe fa? Kada ku haɗa shi da busasshe, zai yi fumfuna ya ɓata sauran.

Ɗela: Mun ware shi. Mun shanya a kan rufin akwatin, can awaki ba sa kaiwa.

Hajiya Zulaiha: A kan rufin! Ciki rumbu, sama wurin shanya. Ni da na sayi abin ban san yana wannan aikin ba.

Ɗela: Ku yi haƙuri, Hajiya.

Hajiya Zulaiha: Haƙurin me? Da kun bar abinci a ruwa ga akwati a kulle yana kallonku, da shi ne zan ji haushi. Amma gyaɗata fa ba za ta wuce gobe ba, mutane na jira. Nassirou, matso nan, na ƙara muryar salular kowa ya ji. Me ka gani?

Nassirou: Hajiya, akwai gajeren akwatin yashi da na ajiye a Dantchiao wajen ginin lakkol, makarantar yaran nan. Sun juye shi tun jiya. In kun yarda yau in je in ɗauko, in share shi tas, in kai Kwaya su loda.

Hajiya Zulaiha: Wancan ai bai kai tsawon wannan ba. Zai zauna?

Nassirou: Zai zauna. Sai in rage shimfiɗar motar, in matso da makullan baya su kama shi. Sai dai ba shi da rufi, kuma ba zai kwashe gyaɗar duka a tafiya guda ba, sai na koma.

Hajiya Zulaiha: Sai ka koma ɗin. Ka ɗauki tamfol babba a sito, ka ɗaure da kyau. In na ji yashi a cikin maina, kai za ka shanye shi.

Nassirou: Ba za ku ji ba, Hajiya. Na gode, Allah ya ƙara arziki.

Hajiya Zulaiha: Wancan direban da na sallama, sai da na tambaye shi ya dube ni ya rantse a kan ƙarya. Shi ne abin da ya raba mu. Ɗela!

Ɗela: Na'am, Hajiya.

Hajiya Zulaiha: Akwatin ya zauna har a tada rumbu. Da rana ku riƙa buɗe ƙofar iska ta shiga, ƙarfe yana gumi. In an sussuka kuma a dama mini fura da geron nan, in ji abin da na yi wa masauki.

Ɗela: Ai da nonon shanun Fulanin bayan gari zan aiko muku, mai kauri! Allah ya saka da alheri, Allah ya jiƙan mahaifa.

Hajiya Zulaiha: Amin. Ki gaida tsohon. Ungo salularka, Nassirou, ni na shiga ciki.

Nassirou: Yaya, kina nan?

Ɗela: Ina nan. Ashe haka take? Na zata za ta cinye ni ɗanya.

Nassirou: Haka take, ba a sanin ta inda za ta ɓullo. Ki gaya wa Maharazu su fito da buhuna, kafin la'asar ina Kwaya in sha Allahu. A share wuri kusa da wancan, inda ƙasa ke da ƙarfi, kada motar ta kafe.

Ɗela: Zan gaya masa. Sai dai sai an tashi Baba tukuna, don wurin da kake faɗa nan ya shimfiɗa tabarmarsa.

Nassirou: Baba? Me yake yi a bakin akwati?

Ɗela: Gadi, in ji shi. Duk wanda ya zo wucewa sai ya tsai da shi, ya ƙwanƙwasa ƙarfen da sanda, ya ce, "Ka ji? Na motar Nassirou ne."

Nassirou: Kina wasa. Baban da tun ranar da na bar gona na kama tuƙi bai taɓa cewa mota ba, sai dai "abin nan naka"? Shekaranjiya ma da na zo saukewa cikin gida ya shige.

Ɗela: Ta tagar zaure ya leƙa, na gan shi. Ga shi nan ma ya hango ni yana ɗaga hannu. Baba! Nassirou ne! Tsaya, in na sauka daga tudun nan ban san ko za ka ji ba. Baba, ga shi, ku kara a kunne. A'a, ta wancan gefen.

Baba: Salamu alaikum. Nassirou?

Nassirou: Na'am, Baba. Ina kwananku? Yaya ƙafa? Ashe abin da ya faru ke nan, Allah ya kiyaye gaba.

Baba: Amin. Hatsi yana nan lafiya. Na sa hannu har tsakiya, a bushe yake.

Nassirou: Alhamdu lillahi. Hajiya ta ce ya zauna har a gama rumbu.

Baba: Allah ya yi mata albarka. Yau za ka zo?

Nassirou: Yau, da wani akwatin, na gyaɗar su Maharazu.

Baba: Shi ma haka za ka zame shi ƙasa, kai kaɗai, babu mai kama maka?

Nassirou: Haka, Baba. Daga inda nake zaune nake juya hannun.

Baba: Hm. In ka iso kada ka sauke sai an kira ni.

Nassirou: To, Baba.

Baba: Kuma gobe in ka ɗauki gyaɗar, Magaria za ka nufa?

Nassirou: Magaria, sannan in dawo in kwashi saura.

Baba: Wurin nan na gaba, kusa da kai, mutum na iya zama?

Nassirou: Yana iyawa. Akwai wanda za a rage wa hanya ne?

Baba: Kada ka ba kowa.

Nassirou: Na'am? Ban ji ba, Baba.

Baba: Na ce kada ka ba kowa wurin! Zan je in duba Hanifa. Kuma ina so in ga yadda kake...

Ɗela: Baba, kiredin zai ƙare, ku yi sau...

Nassirou: Alo? Baba? Yaya Ɗela? Alo! Kai, mai taya, bar wannan tukuna. Ina bokitinku da sabulu? Kujerar gaba zan wanke.