Garin ƙarfin da na ba ƙanena

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, Allah ya ƙara basira.

Ni ne Haruna daga Kontagora, alƙalin wasan ƙwallon unguwa. Gudu kaɗan sai in kama haki, shi ya sa na sayi maganin ƙarin ƙarfi iri uku a kasuwa: ƙwaya, ruwan kwalba, da wani gari da ba shi da ko suna. Niyyata in gwada kowanne mako guda, in ga wanda ya fi. Haƙuri ya gagare ni. Ran Asabar na dama su duka cikin fura, na sha, na fita gudu.

Ban yi nisa ba zuciyata ta kama bugawa kamar za ta fito, na faɗi a bakin titi. A asibiti likita ya ce garin ya fi zargi, ya tambaye ni ina sauransa.

Malama, sauran ba ya hannuna. Na ba ƙanena Isiyaku, ya tafi da shi girbi Sahon Rami, kuma kwana uku wayarsa ba ta shiga. Amma ba ya rabuwa da rediyo a gona.

Don Allah ki karanta da ƙarfi: Isiyaku, yayanka ne. Kada ka sha garin nan. Ka zubar, ka kira ni.