Riƙon Kujerar Shugaba

A tashar motar Daejeon da ke Koriya ta Kudu, wasu samari biyu na zaune kusa da ni. Ƙaramin ya sha askin ƙwal-kwabo, zai tafi aikin soja na dole.

"Yaya Tae-gyu, wace doka ce ka ƙara wa ƙungiyarmu ta wasan intanet? Wai duk wanda ya yi wata bai shiga ba a kore shi, a raba makamansa?"

"Kowa ya amince, Hyeon-uk."

"Sai yau da zan shiga bariki? Da ni kake! Lokacin da ka tafi naka aikin sojan, wa ya riƙa shiga da sunanka kullum? Ko ranar jarrabawata ban fasa ba."

"Kai ne. Har kujerar shugaba ka ce za ka riƙe min."

"To ai riƙo ne!"

"Tun da na dawo kana ganina, ka tashi?"

Aka kira motar ƙaramin.

Babban ya miƙa masa jakarsa. "Allah ya kiyaye hanya. Ni ba zan riƙe maka komai ba. Na ga yadda riƙo yake ƙarewa."