Keken Ɗinkin da Aka Ɗora wa Tukunyar Fure

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, likitan wannan gida, ma'aikatan jinya, malam mai gadi, baba mai girki, iyaye da 'yan'uwa da suka zo ganin nasu, da ku ƙannenmu da ake yi wa maganin shaye-shaye a nan: ku yi mini afuwa, na san na shiga tsakaninku da abinci. Muryata ba ta da ƙarfi, na baya in ba su ji ba, na gaba su taimaka musu.

Ni yayar Tela ce, wancan dogon da ke sunkuyar da kai kamar bai san ni ba. Ɗago kanka, ni na goya ka.

Zan fara da godiya, domin tun muna riƙe da allo aka koya mana kada a tauye wa mutum haƙƙinsa, ko da na yabo ne. Ranar da muka kawo shi, ko kofin ruwa ba ya iya kaiwa baki. Ba ku ɗaure shi ba, ba ku doke shi ba, ba ku kira shi da sunan abin da yake sha ba. Yau ga shi ya yi kumatu, har wandon da ya zo da shi ya ƙi rufuwa. Allah ya saka muku da alheri, musamman baba mai girki, wanda nake zargi da laifin wandon.

Maganata ta farko ƙarama ce. Don Allah a daina yi mana sabon fenti duk ranar ziyara. Mu ba baƙi ba ne, kuma mayafina biyu sun riga sun ɗauki launin katangarku.

Ta biyu ita ce ta tayar da ni tsaye. Akwai wani ɗaki a ƙarshen baranda da aka rubuta wa Ɗakin Koyon Sana'a. Duk ranar ziyara ana buɗe mana shi, mu leƙa, mu ce masha Allah. A cikinsa akwai keken ɗinki, an lulluɓe shi da farin leshi, an ɗora masa tukunyar fure. Ban taɓa ganin keken da ya samu hutu irin wannan ba; ni kaina na yi masa sha'awa. Da mun tafi, sai a mayar da kwaɗo.

Na tambayi mai riƙe da makulli. Ya ce, "Mama, doka ce. Allura, almakashi, reza, duk ba a ba su." Na ce, "To, ɗana, mene ne aikin keken?" Ya ce, "Baƙi suna son ganinsa." Allah ya yi masa albarka, bai yi mini ƙarya ba. Da na tambayi Tela, sai ya ce, "Yaya, ai kullum muna gaisawa da shi ta taga."

Ban raina dokarku ba. Na san dalilinta, kuma a farkon zuwansa ni ma ba zan ba shi almakashi ba. Amma ku ji abin da ke hana ni sukuni. Ƙanena ba a wurin shashanci ya koyi shan ƙwaya ba, a kan keke ya koya. Ɗinki ya yi masa yawa, masu kaya na tsaye a kansa, wani abokin sana'a ya ba shi wadda za ta kore masa gajiya. Shekara da shekaru ƙafarsa ba ta taka keke ba sai da ita a cikinsa. Yanzu an ce ya kusa fita. Zai koma shagon nan, kujerar nan, kusa da abokin nan. In ranar ce zai fara zama gaban keke da idonsa garau, wa zai kasance a gefensa sa'ad da jikinsa ya tuna? Kun raba shi da ƙwaya a kan gado, kun raba shi da ita a gaban talabijin, amma ba ku raba shi da ita a inda suka saba haɗuwa ba.

Roƙona shi ne a sauke furen. A zaunar da shi a gaban keken, ma'aikaci na gefensa, in an gama a karɓe allura da almakashi a kulle. In sha'awar ta taso masa, ta taso a nan, inda likita yake kusa. Aiki kuwa ba zai rasa ba: akwai wandonsa da ke neman ƙari, kuma, mai girma shugaba, ka gafarce ni, tun ɗazu nake kallon aljihun rigarka da ya yage.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya mai ɗorewa, ya ƙara wa masu jinya haƙuri, ya sanyaya zukatan iyaye, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Likita, ina roƙon a ba ni amsa da wuri, kafin a sallame shi, ba bayan an sallame shi ba. Zare da allura suna cikin jakata, na bar ta wurin mai gadi saboda doka.

Na gode.