Ɗanjuma mahauci ba maye ba ne

Da safe na sayo kan sarki a gidan waya, sannan na zauna rubutu.

Ina gaishe ka, mai karanta mana wasiƙu, kai da duk wanda ke kusa da rediyo. Ni ne Sale akawu, daga Garwa.

Bara wasu samari suka dawo daga karatu a Faransa da na'urar ɗaukar fim, suna neman labarin ban tsoro. Na ba su wanda na rubuta daga bakin gwaggota ta garin Pitowa, labarin wani maye mai kama kurwar mutane. Ni na ce a sa maƙwabcina Ɗanjuma mahauci ya fito a mayen, don ya iya riƙe wuƙa. Na duba littafin da nake rubuta al'amuran kullum, ban ga ranar da na yi tunanin abin da zai biyo baya ba.

A fim ɗin akwai inda yake lasar jini a jikin wuƙa. Tun da aka nuna shi, mata suka daina aike wurinsa. Jiya wata tsohuwa ta ce masa, "Wannan lasar wuƙar ba koya maka aka yi ba." Ya same ni ya ce, "Malam, kai ka rubuta, ni nake kwana da nama."

Na gaji da bayani gida-gida. Don Allah ka faɗa wa jama'a ruwan zoɓo ne a wuƙar, kuma Ɗanjuma ba maye ba ne. Duk mai shawara ya taimaka mini.

Abin da ya rage gobe:
Ganin sarkin pawa.
Sayen nama wurin Ɗanjuma a gaban mutane.
Lallashin matata ta yarda ta dafa shi.